Masu zuwa Japan, ku dubi duwatsun fadar Kumamoto kafin ku ɗaga kai sama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi wani ɗan gyara. 'Yan'uwanmu da ke zuwa Japan, ɗalibai da 'yan kasuwar mota da masu halartar taro, sukan tsaya gaban wata doguwar hasumiya mai rufi hawa-hawa su ɗauki hoto, su rubuta a ƙasa cewa ga ginin da ya shekara 400. Mafi yawan lokaci kankare ne da rodi, kuma akwai dattawa a unguwanninmu da suka girme shi.

A duk faɗin Japan, manyan hasumiyoyin fada 12 ne kacal suka rage daga zamanin da, cikinsu har da na Himeji, Matsumoto, Hikone, Inuyama da Matsue. Akasarin sauran sun tafi ta hanyoyi uku. A 1615 gwamnatin gidan Tokugawa ta hana kowane sarkin yanki mallakar fada fiye da ɗaya, aka rushe ɗimbin ƙanana. A 1873 sabuwar gwamnatin Meiji ta ba da umarnin soke fadodi, aka yi gwanjon wasu aka kwashe katakonsu. Sai ruwan bama-bamai na 1945, wanda ya ci na Nagoya, Okayama, Wakayama da Hiroshima. Bayan yaƙi garuruwa suka shiga sake ginawa, kuma da kankare suka yi, saboda ya fi araha, wuta ba ta cin sa, sannan dokar gini ta 1950 ta tsaurara sharuɗɗa kan doguwar ginin katako.

Su Japanawa ba sa ɓoye wannan. Sun kasa gine-ginen kashi-kashi. Akwai na asali. Akwai wanda aka sake yi da katako bisa tsofaffin zane da hotuna, kamar na Kakegawa a 1994 da na Ozu a 2004. Akwai wanda fuskarsa ta waje kawai aka kwaikwaya, ciki kuwa kankare ne, kamar na Nagoya da Kumamoto. Akwai wanda aka san an taɓa yin hasumiya a wurin amma siffar da aka ba ta ƙiyasi ce. Ta Osaka, wadda ta fi kowace shiga hotunan mutanenmu, tana cikin wannan kashin: an gina ta a 1931, a kan harsashin dutse na zamanin Tokugawa, da kamannin da aka aro daga zanen fadar gidan Toyotomi, waɗanda suka riga Tokugawa mulki, wadda ta riga ta ƙone tun 1615. Wato kan wani ne a kan wuyan wani. Na ƙarshe shi ne wanda aka ƙaga don jawo baƙi, a inda babu shaidar an taɓa yin irinsa.

Mun zaɓi mu yi bayanin Kumamoto, a tsibirin Kyushu, domin a nan ne mai ziyara zai ga tsoho da sabo da wanda ake kan gyarawa, duk a yini ɗaya.

Sarkin yanki Kato Kiyomasa ne ya gina ta, aka gama a 1607. Gidan Hosokawa suka karɓe ta a 1632 suka riƙe har ƙarshen mulkin sarakunan yanki. A watan Fabrairu na 1877, ana dab da dakarun madugun tawaye Saigo Takamori su kewaye ta, gobara ta tashi ta cinye babbar hasumiya da gidan sarki, kuma har yau masana na saɓani kan abin da ya haddasa wutar. Duk da haka sojojin gwamnati suka yi zamansu a bayan ganuwar dutse fiye da kwana 50, masu tawaye ba su iya shiga ba. Shekara 83 wurin na nan ba hasumiya, sai a 1960 aka tada wadda ake gani yanzu, da taimakon gudummawar mutanen gari.

Isa wurin ba wuya. Daga tashar Hakata da ke Fukuoka jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Shinkansen yana kai mutum Kumamoto cikin ƙasa da awa guda. A bakin tashar Kumamoto a hau taragon lantarki na cikin gari, a sauka a tsayawar da ke ɗauke da sunan fadar da na ofishin magajin gari, tafiyar kamar minti 15. Lokacin sauka ake biya, don haka a tanadi tsaba a aljihu. Kafin a nufi fadar, a shiga ofishin magajin garin a hau bene na 14. Kallo kyauta ne, kuma daga nan ake gane yadda aka ɗora fadar a kan tudu, kogin Tsuboi ya zame mata gwalalo. A gefen kogin akwai doguwar katanga mai mita 242, baƙi a ƙasa fari a sama, wadda girgizar ƙasa ta kayar da wani ɓangarenta aka gama gyara ta a 2021. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 9 na safe a rufe ƙarfe 5 na yamma, kuma ana daina shigar da mutane tun kafin lokacin rufewar ya cika. Kuɗin shigar babba yen 800 ne a 'yan shekarun nan. A ware awa biyu zuwa uku.

Daga ƙofar kudu mai ziyara zai hau wata gada da aka buɗe a 2020, tsawonta kamar mita 350, ta ratsa ta saman wuraren da ake aiki. An kafa ta ba tare da tona ƙasa mai zurfi ba, domin ƙasan kanta kayan tarihi ce, kuma za a cire ta idan gyara ya ƙare. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya bi gadar da sauri idonsa na kan hasumiya. A kan wannan gadar ainihin kallon yake.

Ganuwar dutsen Japan ba a ɗaure ta da siminti ko laka ba. Sassa uku gare ta. A ciki akwai tudun ƙasa. A waje akwai manyan duwatsun fuska, waɗanda abin da ido ke gani daga cikinsu ɗan kaɗan ne, domin kowanne yana da dogon jiki da ya shige ciki ya ɗan sunkuya baya, nauyinsa na danna shi zuwa ga tudun. Tsakanin biyun akwai cikon ƙananan duwatsu masu girman dunƙulen hannu zuwa kan mutum. Wannan cikon shi ne ran ganuwar. Japan ƙasa ce mai ruwan sama ƙwarai, idan ruwa ya taru a bayan bango sai ya tunkuɗo shi, to cikon shi ke tsiyayar da ruwan ya fita ta ƙasa. A kusurwa kuma ana sassaƙa duwatsu masu tsawo, a jera su ɗaya dogon gefensa na dama, na samansa dogon gefensa na hagu, kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Kusurwa ce ke riƙe da bango, shi ya sa magina suka fi kashe ƙarfinsu a kanta.

Abin da Kumamoto ta yi suna a kai shi ne lanƙwasar bangon. Daga ƙasa yana farawa a kwance, har mutum ya ga kamar zai taka ya hau, amma yana ƙara miƙewa a hankali har ya tsaya cak a sama. Sunansa musha-gaeshi, wato mai mayar da mayaƙi. Akwai wata kusurwa da ake gani sarai daga gada, inda bango biyu suka haɗu: na farko na zamanin Kato mai kwanciya, na biyu wanda aka jingina masa daga baya don faɗaɗa fili, ya fi shi tsayuwa, duwatsun kusurwarsa kuma sun fi tsari. Wanda ya tsaya nan minti biyar ya gwada su biyun zai ga yadda sana'ar magina ta ci gaba cikin 'yan shekaru kaɗan. A ganinmu wannan kusurwar ta fi benayen hasumiyar duka daraja.

Daren 14 ga Afrilu 2016 girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.5 ta afka wa Kumamoto. Mutane na tsammanin an gama, sai ga wadda ta fi ta, mai ƙarfin 7.3, cikin daren 16 ga wata. Gine-ginen asali 13 da ke cikin fadar, waɗanda gwamnati ta sa a jerin kayan tarihi masu muhimmanci, babu wanda ya tsira ba rauni, wasu ma sun zube gaba ɗaya. Daga cikin fuskar ganuwa mai faɗin murabba'in mita kusan 79,000, wajen kashi 10 cikin 100 ya rushe, kuma kusan kashi 30 na bukatar a kwance a sake jerawa. Yadda ɓarnar ke faruwa shi ne, girgiza tana sa cikon ƙananan duwatsu ya zazzage ya sauka, ya cushe a ƙasa, ya turo duwatsun fuska waje. Bango sai ya yi ciki kamar tulu. Wanda ya yi ciki bai faɗi ba tukuna, amma ba a yarda da shi, sai an sauke shi. An kuma lura cewa wurare da dama da suka zube su ne waɗanda sojoji suka gyara bayan girgizar 1889, tsohon aikin farko ya fi su juriya.

Hoton da ya zagaya duniya a lokacin shi ne na hasumiyar Iidamaru, ɗaya daga cikin ƙananan hasumiyoyin fadar. Bangon da ke ƙarƙashinta ya zube ta gefe biyu, ginin ya rage a tsaye kan jerin duwatsun kusurwa guda ɗaya tak, kamar mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Sai da aka kawo wani ƙaton hannun ƙarfe aka tallafe ta, sannan aka kwance ta. Mutane sun kira abin mu'ujiza, magina kuwa sun san sarƙar kusurwa ce ta yi aikinta.

Gyaran ganuwar shi ke cin lokaci, domin doka ta ɗauki kowane dutse a matsayin kayan tarihi, dole ya koma inda ya fito. Ga yadda ake yi. Kafin a taɓa tarin da ya zube, ana ɗaukar hotonsa a auna inda kowane dutse ya faɗi, saboda inda ya faɗi yana nuna daga wane sahu ya taho. Sai a rubuta masa lamba, a ɗaga shi da injin ɗaga kaya, a kai shi fili a jera. Mai ziyara zai ga waɗannan filayen, duwatsu sahu-sahu kowanne da lambarsa, kamar buhunan gyaɗa a jiran awo. Kowane dutse yana da takardarsa: tsawo, faɗi, siffar fuska, alamun kurfi, tsaga idan akwai. Daga nan a gwada siffar fuskarsa da hotunan bangon kafin girgiza, aikin da yanzu manhajar kwamfuta ke taimakawa a kai. Wanda ya fashe a liƙa shi, wanda ba ya gyaruwa a sassaƙa sabo daidai siffarsa. Wajen mayarwa kuwa 'yan duwatsu kaɗan ake iya ɗorawa a yini, don kowanne sai an ɗaga an sauke an sa ƙananan duwatsun tokari har ya zauna daram, kuskuren yatsa ɗaya a ƙasa yana zama kamu guda a sama. A wasu wurare ana shimfiɗa raga mai ƙarfi a tsakanin cikon don kada ya sake zazzagewa. Bangayen da layi bai zo kansu ba an lulluɓe su da raga ko an fesa musu siminti na wucin gadi, kada mai kallo ya zaci gyaran ke nan. Tun farko an tsara gamawa cikin shekara 20, daga baya aka ɗaga zuwa 2052, kuma ƙarancin ƙwararrun masu jera dutse na cikin dalilan.

Wani abin da rushewar ta tona: a cikin duwatsun da suka zube kusa da wurin ibadar Kato an sami ɗaya da aka sassaƙa siffar abin bautarsu a gefensa da ke ɓoye. Magina na gaggawa, sun ɗebo har da duwatsun tunawa da matattu sun cusa a bango, ya kwana a ciki shekara 400 ba wanda ya sani.

Gada tana ƙarewa a wata hanya mai duhu da ta bi ta ƙarƙashin gidan sarki, bangon dutse dama da hagu, manyan katakai a sama. Nan ne wurin tuna cewa sarki ba ya kwana a hasumiya. Hasumiya wurin tsaro ce da ajiyar makamai da nuna isa, zama da shari'a da karɓar baƙi a gidan ƙasa ake yi. Gidan da ke saman hanyar an sake gina shi da katako a 2008, girgizar ta taɓa shi shi ma.

Ita babbar hasumiyar, daga waje rufi uku ake ƙirgawa, ciki kuwa bene shida ne da ɗakin ƙasa. Me ya sa ba ta faɗi ba alhali duwatsun gindinta sun zube? Saboda ba a kansu take zaune ba. Injiniyoyin 1960 sun kafa mata turakun kankare da suka nutse fiye da mita 40 a ƙasa, duwatsun riga ce kawai aka sa mata. Rufinta ne ya sha wuya: tayil ɗin gasasshiyar ƙasa suka zubo, kifayen ado biyu da ke ƙololuwa suka faɗo. A tsohuwar hanya ana dasa tayil a kan laka mai kauri, nauyi ya taru a sama, girgiza ta yi ta kaɗa ginin kamar mai ɗauke da tulu a ka. Da aka zo gyara sai aka rage lakar, aka ɗaure tayil a kan katako, rufin ya yi sauƙi. An kuma sa sandunan ƙarfe masu shanye girgiza, kuma an bar wasu a fili, ana ganin su tun daga ɗakin ƙasa. An sake buɗe ta a watan Yuni 2021.

Ciki gidan adana kayan tarihi ne na zamani, da fitilu da allunan bayani. Bene na 1 zamanin Kato, na 2 zamanin Hosokawa, na 3 yaƙin 1877 da abin da ya biyo baya, na 4 girgizar 2016 da gyara, na 6 wurin hangen gari. Yawancin rubutun da Japananci yake, don haka a sauke manhajar fadar a waya tun daga masauki, ita ke ba da fassara. Akwai na'urar hawa bene don tsofaffi da masu keken guragu. Wanda ke neman ƙamshin tsohon katako da matakala mai tsayi ba zai samu a nan ba, sai ya je Himeji ko Matsumoto, inda ake cire takalmi a riƙe shi a leda a hau da safa. Ginin asali mafi girma a Kumamoto shi ne hasumiyar Uto mai bene biyar, wadda ta tsira daga gobarar 1877, amma an kwance ta ana gyara, an rufe wurin da rumfar aiki.

Daga waje dai akwai abin dubawa ko a jikin kankaren, tunda an bi tsofaffin hotuna: ƙananan tagogin harbi, dogaye na kibiya da gajeru na bindiga, da wuraren da bene ya ɗan zarce bango aka bar kafa a ƙasa don jefo wa mai hawa duwatsu, da jerin ƙarafa masu tsini da aka kafa suna kallon ƙasa a gindin ƙaramar hasumiyar da ke manne da babbar.

Kankare ma yana tsufa, kuma ya fi katako saurin nunawa. Iska na shiga jikinsa a hankali tana kashe sinadarin da ke kare rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa shi daga ciki. Hasumiyoyin da aka gina tsakanin 1955 da 1965 duk sun kai wannan shekarun. Ta Nagoya, ginin 1959, an rufe ta tun watan Mayu 2018 saboda ba ta cika sharaɗin jure girgiza ba. Birnin na son sake ta da katako kamar yadda take kafin 1945, tunda suna da cikakken awonta, amma aikin ya daɗe yana tangal-tangal kan batun kare tsohuwar ganuwa da kuma ko za a sa na'urar hawa don naƙasassu. Wanda ya je Nagoya don hawa hasumiya zai dawo da takaici, sai dai gidan sarkin da aka gama da katakon hinoki a 2018 ya isa ya biya shi kuɗin motarsa.

Maginanmu na gargajiya za su gane bangon gine-ginen katakon nan da gani ɗaya. Ana saƙa gora a ɗaure da igiyar bambaro, a kwaɓa laka da karan shinkafa a bar ta ta ruɓa wata da watanni, kamar yadda ake barin ƙasar tubali ta kwana da ciyawa, sannan a yaɓa shafi-shafi, kowanne sai ya bushe kafin a ɗora wani. Idan aka yi gaggawa bango ya tsage. Shafin ƙarshe farar ƙasa ce da aka dama da ruwan dafaffen ganyen teku da zaren rama, aikin da makuba ke yi a namu bangon. Bambancin da ke ba mu ciwo shi ne, su duk inda suka sake gini suna kafa allo su rubuta shekarar da abin da aka yi amfani da shi, mu kuwa wasu ƙofofin ganuwarmu an sake su da siminti, yaro ya taso yana zaton haka kakanni suka bar su.

Saura guzuri. A gindin fadar akwai rukunin shaguna da ake kira Josaien. Musulmi ya yi hattara da taliyar Kumamoto, romonta na ƙashin alade ne, kuma miya da yawa ana zuba musu giyar shinkafa ta girki. Garin ya yi suna da ɗanyen naman doki, a sani kafin a nuna hoto a ce a kawo. Abin da ya fi sauƙi shi ne ikinari dango, yankan dankalin Hausa da zaƙin wake a cikin ƙulli, a turara. Akwai masallaci a unguwar Kurokami kusa da Jami'ar Kumamoto, amma da tazara daga fadar, a tsara lokacin salla tun kafin a shiga. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu furannin sakura na buɗewa, kyau ya kai kyau, cunkoso ma haka. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, dutse na santsi, a sa takalmi mai kama ƙasa. Agusta kuwa zafi ne mai gumi, kuma filin gaban hasumiya ba inuwa sosai, a riƙe ruwa da lema. Hanyoyin da ake bi cikin fadar suna sauyawa gwargwadon inda aiki ya kai, don haka a duba shafin hukumar fadar a intanet daren da za a je.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin gine-ginen tarihi, Kano.